Ƙawanyar Kutul Amara, 1915 zuwa 1916: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar 29 ga Afrilu 1916, sojojin Birtaniya kusan 13,000 suka ajiye makamai a gaban Turkawa a wani ƙaramin gari na bakin kogin Dijla, bayan kwana 147 ba shiga ba fita. Sunan garin Kutul Amara, a taƙaice Kut. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan yaƙi, da amsoshinsu.

Ina ne Kut, kuma su wa suka gwabza a can?

Kut tana Iraƙi, kimanin kilomita 160 kudu maso gabas da Bagadaza. Yau ita ce hedikwatar lardin Wasit. A wancan zamani Iraƙi duka tana hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa, mai fada a Santambul, ba tamu ta Sakkwato ba. Kogin Dijla ya lanƙwasa ya kewaye garin ta ɓangare uku, ya bar hanyar tudu ɗaya ta arewa. Wurin kamar buhu yake: wanda ke ciki zai iya tsare bakin da mutane kaɗan, wanda ke waje shi ma zai iya ɗaure shi da mutane kaɗan.

A ciki akwai Runduna ta 6 ta sojojin Indiya, wadda ake kira rundunar Puna, ƙarƙashin Manjo-Janar Charles Townshend. Ana cewa sojojin Birtaniya ne, amma Turawan cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran 'yan Indiya ne, Musulmi da Hindu da Sikh da Gurkawan Nepal, da dubban masu hidima, wato masu dafa abinci, masu ɗebo ruwa da masu kiwon alfadarai. A waje kuwa sojojin Daular ne, Turkawan Anatoliya da Larabawan Iraƙi. Nureddin Bey ya fara jagorancinsu, a Janairun 1916 Halil Bey ya karɓa, shi kuwa baffan Enver Pasha ne, ministan yaƙi. Sama da su duka akwai wani tsohon hafsan Jamus, von der Goltz, wanda zazzaɓin ƙwarƙwata ya kashe a Bagadaza kwana 10 kafin Kut ta faɗi.

Me ya kai Ingila Iraƙi tun farko?

Mai. Jiragen yaƙin ruwa na Ingila suna barin gawayi suna komawa mai, kuma a 1914 gwamnati ta sayi kaso mafi rinjaye na kamfanin da ke haƙo mai a Farisa, wato Iran ta yau, mai matata a tsibirin Abadan, daf da iyakar Daular. Da Turkawa suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a ɓangaren Jamus, sai dakarun da aka turo daga Indiya suka sauka a Fao ranar 6 ga Nuwamba 1914. Kafin watan ya ƙare sun shiga Basra. Da nan aka tsaya, da an yi abin da aka zo yi.

To me ya ja su har ƙofar Bagadaza?

Nasara ce ta yi musu yawa da wuri. A Afrilun 1915 suka karya farmakin Turkawa a Shu'aiba, kusa da Basra, har kwamandan Turkawan, Süleyman Askeri, ya harbe kansa don takaici. A farkon Yuni Townshend ya bi kogi da 'yan jirage da mutanen da ba su taka kara sun karya ba, garin Amara, wani gari daban da ke ƙasa da Kut a bakin Dijla, ya miƙa wuya da zaton babbar runduna na biye da shi. A ƙarshen Satumba ya ci Kut ɗin kanta. Daga nan raini ya shiga. Babban kwamanda a Basra, Janar John Nixon, ya tabbatar wa kansa cewa Turkawa ba su da sauran kataɓus.

A Landan ma ana neman abin rufe kunya. Yaƙin Galifoli ya cije, an yi asarar dubban rayuka ba a kai Santambul ba. Kama Bagadaza, birnin halifofin Abbasiyya, labari ne da zai yi armashi a jaridu, ya kuma kwantar da masu ganin Ingila ta fara rauni a ƙasashen Musulmi. Townshend da kansa ya rubuta cewa runduna ɗaya da ta gaji ba za ta iya wannan aiki ba. Nixon ya ce a tafi, a ƙarshen Oktoba Landan ta sa hannu, da alƙawarin za a turo rundunoni biyu na Indiya daga Faransa.

Abin da ba wanda ya zauna ya lissafa shi ne sufuri. Ba layin dogo, gwamnatin Turawa ta Indiya ta ƙi sakin kuɗin shimfiɗa shi. Ba titi. Basra ba ta da tashar da manyan jirage za su matso su sauke kaya, sai su yi makonni a tsakiyar ruwa ana kwashewa da ƙananan jiragen Larabawa. Kowane buhun gari da kowane akwatin harsashi sai ya hau kogi mai kwana-kwana, ɗaruruwan kilomitoci, a jiragen da ba su isa ba. Duk taku ɗaya da Townshend ya yi gaba, yana nisa da abincinsa, Turkawa kuwa suna matsawa kusa da nasu. A ganina nan aka yi asarar Kut, wata biyu kafin a fara ƙawanyar.

Me ya faru a Salman Pak?

Salman Pak shi ne Mada'in na littattafan tarihi, tsohuwar fadar Kisra, inda kabarin sahabi Salmanul Farisi, Allah ya yarda da shi, yake. Kimanin kilomita 35 ne daga Bagadaza. A nan Nureddin ya haƙa ramuka layi biyu ya jira, kuma a wannan karon ya samu sababbin dakaru daga Anatoliya waɗanda ba su san gudu ba. Daga 22 zuwa 25 ga Nuwamba 1915 aka fafata a gindin katafaren ginin Kisra da har yau yake tsaye. Townshend ya ci layin farko, na biyu ya gagare shi, ya rasa mutum kusan 4,600 tsakanin matattu da raunana, sama da kashi ɗaya cikin uku na mayaƙansa. Turkawa sun fi shi asara, har Nureddin ya fara janyewa. Da labari ya iske shi cewa abokan gaba ma sun juya, sai ya komo ya bi sawunsu.

Raunanan wannan yaƙi su suka fi ganin tasku. An kwaso su a amalanken alfadarai marasa taushi, aka jibge su a jiragen dakon kaya ba rumfa ba magani, wasu sai da suka yi kusan mako biyu kafin su isa Basra, kwance cikin ƙazantarsu, atuni na cin su.

Me ya sa Townshend ya tsaya a Kut, bai ci gaba da ja da baya ba?

Ya isa garin ranar 3 ga Disamba da mutanen da ƙafafunsu suka ƙare. Akwai kayan abinci da aka tara a can. Ga kuma hujjar dabara: a Kut ne wani reshen ruwa, Shaɗɗul Hayy, ke ɓallewa daga Dijla ya nufi Furat, don haka mai riƙe da garin ya toshe wa Turkawa hanyar jiragen ruwa zuwa Basra. Nixon ya yarda, ya ce ceto na zuwa cikin wata biyu.

Akwai kuma halin mutumin. A 1895 an taɓa yi masa ƙawanya a ganuwar Chitral, a tsaunukan arewacin Indiya ta wancan zamani, ya jure har aka cece shi, ya koma Ingila gwarzo. Da wuya a ce wannan bai shiga lissafinsa ba. Ya sallami mahaya dawakai suka fice, ranar 7 ga Disamba Turkawa suka rufe hanya. Jim kaɗan ya sa aka lalata gadar jiragen da ke kan kogin don kada a biyo ta. Ita ce kuma hanyar da zai iya bi ya tarbi masu zuwa cetonsa.

Yaya rayuwa ta kasance a cikin garin?

Da farko wuta ce. Ranar 24 ga Disamba Turkawa suka afka wa ganuwar da ke kusurwar arewa maso gabas, suka kutsa ciki, aka fitar da su da ƙyar, gawawwakinsu birjik. Daga ranar suka daina wannan, suka bar yunwa ta yi musu aiki, suka kai yawancin dakarunsu ƙasan kogi su tare masu ceto.

Ruwan sama ya cika ramuka a Janairu, ga sanyi. Da ƙanƙarar tsaunuka ta narke sai Dijla ya yi ambaliya. Abinci ya yi ta raguwa. Aka cinye shanun jan kaya, aka koma dawakai da alfadarai. Turawa suka ci. Yawancin 'yan Indiya, Musulmi da Hindu, suka ƙi. Har tangaraho aka buga Indiya, malamansu da shugabannin addininsu suka ba da izini saboda larura, duk da haka da yawa ba su taɓa naman ba sai a Afrilu, lokacin da jiki ya riga ya tafi. Ba taurin kai ba ne kawai. Sojan ƙauye yana tunanin ranar da zai koma gida a ce ga wanda ya ci doki, a hana shi aure. Rashin ganye da nama ya sa dasashi ya riƙa kumbura yana jini, haƙora na girgiɗa. A makonnin ƙarshe rabon soja na burodi bai wuce gram 115 a yini ba, ana tsintar ciyawa ana dafawa, masu gadi na faɗuwa a bakin aiki. Sama da soja 1,700 suka mutu kafin a miƙa wuya.

Mutanen garin, Larabawa kusan 6,000, su aka fi mantawa. Townshend ya so korarsu tun farko, jami'in siyasa Percy Cox ya hana, don lokacin sanyi ne kuma za su halaka a hamada. Suka zauna, aka rushe gidajensu don itacen girki, aka kwashe hatsinsu. Da yunwa ta kai maƙura, wasu suka riƙa hura salka su ɗaure su shiga kogi da dare. Turkawa kuwa suna harbin duk wanda ya fito, don kowane baki da ya rage a ciki yana cin abincin Townshend. Da garin ya faɗi, an rataye wasu daga cikinsu da laifin taimakon Turawa.

Ba a yi ƙoƙarin ceto su ba ne?

An yi, kuma nan ne jini ya fi zuba. Masu zuwa ceton sun yi asarar mutum kusan 23,000 tsakanin matattu da raunana, wato kusan ninki biyu na waɗanda suka zo fitarwa.

Townshend na da hannu a wannan. Tun farko ya aika cewa abincinsa ba zai wuce 'yan makonni ba, don haka Janar Aylmer ya taso a Janairu kafin rundunoninsa su haɗu, igogi ba su iso ba, asibitoci na can baya. Aka yi yaƙin Sheikh Sa'ad daga 6 zuwa 8 ga wata, na Wadi ranar 13, na Hanna ranar 21. A Hanna fili ne da bai kai kilomita 2 ba tsakanin kogi da fadama, ba ta inda za a zagaya, sai dai a tunkari bindigogi masu jigida kai tsaye cikin taɓo. Raunana suka kwana a laka, ruwa na dukansu. Sai bayan wannan ne Townshend ya sa aka binciki gidajen gari sosai, aka gano hatsin da zai kai su Afrilu. Da ya yi binciken tun Disamba, da Aylmer bai yi gaggawar da ta cinye mutanensa ba.

Damar da ta fi kusa ita ce ta 8 ga Maris, a tungar Dujaila. An yi tafiyar dare, gari ya waye dakarun na gaban tungar, kuma kusan ba kowa a ciki. Maimakon su shiga, kwamandan ya tsaya jiran luguden igwa kamar yadda aka tsara a takarda. Ƙarar igwar ce ta farkar da Halil, ya cika tungar da soja, aka rasa mutum 3,500 a banza. Aka cire Aylmer aka sa Gorringe, shi ma a Afrilu ambaliya da ramukan Sannaiyat suka tsayar da shi.

Kada a rage wa Turkawa haƙƙinsu. Su ma cikin yunwa da tsumma suke, amma sun iya zaɓen wuri, sun iya haƙa, kuma ba sa tashi.

Da gaske ne an jefa musu abinci daga jirgin sama?

Gaskiya ne, kuma ana lissafa shi a matsayin karon farko da aka yi haka a tarihin yaƙi. Tun kafin abinci, an sauko musu da dutsen niƙa da laima. Daga tsakiyar Afrilu jirage suka riƙa jefa buhunan gari da sukari da gishiri. Jiragen zamanin ƙanana ne, duk abin da aka kai a mako biyu bai wuce tan 8 ba, ga baki kusan 20,000. Wasu buhunan a kogi suka faɗa, wasu a ramukan Turkawa.

Yunƙurin ƙarshe jirgin ruwa ne, Julnar, da aka loda wa tan 270 na abinci, 'yan sa kai suka tuƙa shi daren 24 ga Afrilu. Turkawa sun san da zuwansa. Sun ja igiyar ƙarfe a faɗin kogin, ya sarƙe 'yan kilomitoci kafin Kut, mutanen gari na hango shi daga kan soraye.

An ce Ingila ta yi tayin kuɗi don a saki sojojinta?

Ta yi. Townshend ya kawo shawarar, Landan ta amince: fam miliyan 1 da igogin garin, a bar mutanensa su tafi da alƙawarin ba za su sake yaƙar Daular ba. Aka ƙara zuwa miliyan 2. Cikin waɗanda aka tura wajen Halil, an ɗaure musu idanu, har da T. E. Lawrence, wanda daga baya ya yi suna a tawayen Larabawa. Enver ya ce ba ya so, Turkawa kuma suka baza labarin a duniya don a ji kunya. Abin da aka samu kawai shi ne musayar wasu marasa lafiya da fursunonin Turkawa. Townshend ya fasa igoginsa ya miƙa wuya ba sharaɗi.

Me ya samu fursunonin?

An raba hafsoshi da ƙananan sojoji. Hafsoshi suka hau jirgin ruwa zuwa Bagadaza. Ƙanana, waɗanda yunwar wata biyar ta riga ta ƙarar, aka kora su a ƙafa cikin zafin Mayu da Yuni, ta Bagadaza, Samarra, Mosul, har Ra'asul Ain, da bulala, wanda ya faɗi a bar shi. Waɗanda suka kai aka sa su fasa dutse a aikin layin dogon Bagadaza, a tsaunukan kudancin Anatoliya. A hanyar sun ci karo da ragowar Armeniyawan da aka kora daga garuruwansu a 1915. Cikin ƙananan sojoji Turawa kusan 2,600, sama da 1,700 ba su dawo ba. 'Yan Indiya kuwa aƙalla 2,500 suka mutu.

Shi Townshend fa?

Halil ya mayar masa da takobinsa. Aka kai shi Santambul da karramawa, aka sauke shi a wani gida a tsibirin tekun Marmara, yana zamansa cikin jin daɗi har yaƙi ya zo ƙarshe. A Oktoban 1918 Turkawa suka sake shi ya kai saƙon neman sulhu ga Ingila, aka sa hannu a Mudros ranar 30 ga watan. Ya zaci za a tarbe shi da kiɗa. Amma labarin abin da ya samu mutanensa ya riga shi isa gida, ba a sake ba shi wani muƙami ba. Ya yi ɗan zama a majalisa daga 1920, ya mutu a Faris a 1924.

Ashe Musulmi ne suka yaƙi Musulmi?

A wurare da yawa, haka ne. A Nuwamban 1914 Shaihul Islam na Santambul ya yi shelar jihadi da sunan Sarkin Musulmi Mehmed Reshad, malaman Najaf da Karbala ma suka fito da mutanensu a Shu'aiba. Wannan ya damu sojojin Indiya Musulmi, musamman da aka ce su yi yaƙi a kusa da kabarin Salmanul Farisi. Wasu sun tsallaka wajen Turkawa a lokacin ƙawanyar, a Fabrairun 1916 kuma wata rundunar mahaya dawakai Musulmi ta ƙi tashi daga Basra. Mafi yawa dai sun tsaya kan aikinsu. Ɗaya ɓangaren ma ba a dunƙule yake ba: mutanen Najaf sun kori jami'an Turkawa a 1915, Sharif Husaini na Makka kuma ya yi tawaye a Yunin 1916, mako shida bayan faɗuwar Kut.

Akwai sojojin ƙasar Hausa a Kut?

Babu. Sojojin Nijeriya a lokacin suna Kamaru suna yaƙar Jamus, daga baya aka kai su Gabashin Afirka. Sarakunan Arewa kuma sun ba da gudummawar kuɗi daga baitulmali. Inda yaƙin Daular ya taɓo wannan yanki shi ne ta hanyar Sanusiyya ta Libiya, waɗanda hafsoshin Turkawa ke tare da su, har da Nuri, ƙanen Enver. A 1916 Ingila ta afka wa Sarkin Darfur Ali Dinar saboda ya karkata ga Santambul, aka kashe shi a Nuwamba. A Disambar shekarar, wani jagoran Abzinawa mai suna Kawsan, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya da makaman da suka fito daga Libiya, sai a Maris 1917 dakaru daga Damagaram suka fasa ta.

Wa aka ɗora wa laifi a Ingila?

Majalisa ta kafa kwamitin bincike, ya fitar da rahoto a 1917. Nixon ya fi kowa shan suka, sai mahukuntan Indiya, musamman kan yadda aka wulaƙanta raunana aka kuma ɓoye gaskiya. Ministan harkokin Indiya, Austen Chamberlain, ya ajiye aiki. Ba wanda aka gurfanar a kotu.

Nasarar ta amfani Turkawa?

Ta ɗan lokaci. Enver ya ɗebi dakaru daga bakin Dijla ya tura su Farisa su kori Rasha, ya bar Halil da ƙaramin ƙarfi. Ingila kuwa ta ɗauki darasi: ta gina tashar jirage a Basra, ta shimfiɗa layin dogo, ta kawo jiragen kogi da asibitoci. Sabon kwamanda, Janar Maude, bai motsa ba sai da komai ya kammala a Disambar 1916. Ya karɓe Kut ranar 24 ga Fabrairu 1917, ya shiga Bagadaza ranar 11 ga Maris. Kwalara ta kashe shi a can a Nuwambar shekarar.

Yaya ake tuna yaƙin yau?

A Ingila ba a cika maganarsa ba, ko da yake masana na sa shi a layi ɗaya da Yorktown ta 1781 da Singafo ta 1942 cikin manyan miƙa wuyan sojojinsu. A Turkiyya shi ne nasara ta biyu bayan Galifoli, kuma an yi gagarumin bikin cikarsa shekara 100 a 2016. Halil, wanda nasarar ta mayar Pasha, da aka yi dokar sunan iyali a 1934 sai ya zaɓi Kut, ya rayu da sunan Halil Kut har rasuwarsa a 1957.